Man Shanu a Ƙafar Alewa

Fatakwal

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga uban da ya daɗe bai ga fuskarka ba sai a gilashin waya. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sadiya, da uwata Ummi, da innarka, da duk wanda ke kwana a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar nan ce dai ta ƙi jin magani, ruwan garin nan kuma ba ya gajiya da zuba, ni ne na gaji da shi.

Na san za ka ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa alhali ga waya. Dalili shi ne na san ɗan da na haifa. A waya "to Baba, to Baba" kake jera min, ka ce fasinja na jira, ka kashe. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa. Ko ka ninke ta ka cusa ƙarƙashin kujerar adaidaitarka, tana nan tana jiranka.

Da farko dai, barka. Ranar da innarka ta ce min ka kama gida a Tarauni, da tsakar gida naka na kanka, sai da na miƙe tsaye a ƙofar siton da nake gadi ina dariya ni kaɗai, har abokin aikina ya zaci albashi aka ƙara mana. Gidan haya ne, na sani, amma ranar da mutum ya fara rufe ƙofar da shi kaɗai ke riƙe da makullinta, ranar yake sanin ya girma. Allah ya sa alheri ne ya kai ka, ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Na ji daɗi, Nura. Ban cika faɗin irin wannan ba, to ga shi na rubuta, ka adana.

Amma ba taya murna kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Maganar mage ce.

Labarin ya zo min tiryan-tiryan. Magen Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu malamar firamare, ta haihu, Malamar ta ɗauki 'yar fara mai baƙin bindi ta ba Ummi. Ummi ta raɗa mata suna Alewa, tana raba kokonta da ita, har goya ta take yi da ɗankwalin uwarta. Da tashinku ya matso ka ce mage ba za ta bi ku ba. Yarinya ta yi kuka har ta ƙi abinci. Daga baya ka sauko ka ce to, ta taho da abarta. Kowa ya sa maka albarka, har da ni daga nan.

Sai dai ka manta katangar soronmu ba ta da kauri, innarka kuma kunnenta bai tsufa ba. Ta ji ka kana ce wa abokinka, "Rabu da ita ta ɗauko. Ƙofa kawai zan bari a buɗe, magen da ƙafarta za ta koma Gyaɗi-Gyaɗi, kamar ta Baba."

Kamar ta Baba! Wato labarina da ake ba ku kuna dariya tun kuna yara, shi ka mayar dabara. To tunda nawa ne, bari in ba ka shi da bakina, daga tushe, domin innarka wurin dariyar kaɗai take faɗa.

Tsoron mage gadonsa na yi wurin mahaifiyata, wadda ka sa wa Ummi sunanta. Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta iya cin abinci idan ta san maƙwabci bai ɗora tukunya ba, amma idan ta ga mage sai ta nemi tsari ta jefa takalmi. Cewa take ba ka taɓa sanin wadda take mage da wadda ta aro fatar mage ba. Ina ɗan yaro a ƙauye aka aike ni ɗebo dawa a rumbu. Na zura kai, ashe wata ta haihu a ciki. Ta yi tsalle ta bi ta fuskata, ta bar min yaƙushi a kumatu. Abin da ruwa da sabulu za su gama da shi ke nan. Amma mahaifiyata ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, aka kawo rubutu, aka turara ni da hayaƙi har ina tari, matan unguwa suka yi ta shigowa suna leƙa ni suna girgiza kai kamar wanda ake jira ya cika. Yaƙushin ya warke kafin kasuwa ta zagayo. Tsoron kuwa ya biyo ni har Kano, ya yi aure tare da ni.

Da na girma na duba, sai na ga ba magen ce ta tsorata ni ba, fuskokin manya ne. Saboda haka ka ji: Alewa za ta yaƙushi Ummi wata rana, babu makawa, wasansu ke nan. Ranar, ka kula da fuskarka kafin ka kula da ciwon. A wanke da sabulu, idan ya yi zurfi a je asibiti, shi ke nan. Ita ma magen ka kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allura tun yanzu, hankalin kowa ya kwanta. Ban da salati da ƙarfi, ban da tara mutane.

Bayan mun tare a Gyaɗi-Gyaɗi ɓeraye suka addabe mu, har sabulun wanka suke ci. Innarka ta jawo wata mage da kan kifi, ta zauna. Ni kuwa ko da wasa ban taɓa ce mata tsoro nake ji ba. Namiji guda, mai gemu? Sai na ce ƙazanta ce. Na ce gashinta na sa tari. Na ce malamai ma, sai na rasa abin da malamai suka ce, domin duk wanda na tambaya cewa yake mage tsarkakakkiya ce. Rannan kawunka ya zo gaishe mu, muna zaune a tsakar gida muna cin ɗanwake, sai na ji abu mai laushi ya goga min ƙafa. Wallahi Nura, ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a tsaye a kan turmi, da kwanon ɗanwake a hannu, ko ɗaya bai zube ba.

Innarka ta ɗaga kai ta ce, "Malam, me ake nema a sama?"

Na ce, "Rufin nan nake dubawa, kamar yana yoyo."

Ta ce, "Yoyo da rani tsaka? To Allah ya kyauta. Idan ka gama ka sauko, za mu yi daka."

Kawunka ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa. Har gobe idan ya kira ni a waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Ya rufi?"

Da tun farko na buɗe baki na ce wa matata, "Kin ga, abin nan tsoronsa nake ji," da dariyar yini ɗaya za ta yi ta wuce wurin. Da na ɓoye, ga shi ana yi har na yi furfura. Na ji an ce kai ma ka fara: wai mai gidan haya ba ya so, wai kujeru za su lalace. Ɗana, duk na riga ka bin wannan hanyar, na san inda take ɓullewa. Kan turmi take ɓullewa. Ka gaya wa Sadiya gaskiya. Ta riga ta sani ma, jira take ka faɗa.

Abin da ba ka tunawa shi ne, kai ba da tsoron nan aka haife ka ba. Kana ɗan tatata, magen nan ita ce abokiyarka. "Mus" kake ce mata. Ka ja ta ta bindi, ka yi matashin kai da ita, ka tura mata tuwo a baki, ba ta taɓa ɗaga maka farce ba. Ni kuwa in dawo daga aiki ina marmarin ɗaukar ɗana, in tarar da shi rungume da abin da ba na iya matsawa kusa da shi. Sai na riƙa tsayawa daga nesa ina miƙo hannu kamar mai bara. To ka san yadda muke yi wa yara: wani da dodo yake tsorata nasa, wani da mai allura, wani da ɗan sanda. Ni sai na zaɓi wadda ta yi min daidai. Ka ƙi wanka, "mage za ta ɗauke ka." Ka nufi titi, "ga mage nan za ta cinye ka." Ban ɗauke shi komai ba, kowa na yi. Sai rannan ta taho da gudu za ta hau cinyarka kamar kullum, ka ƙwalla ƙara ka ruga ka ƙanƙame ƙafata. Magen ta tsaya tana kallonka, ta rasa laifin da ta yi.

Innarka ta dube ni ta ce, "To madalla. Yanzu kun zama biyu."

Wannan ba sabon labari ba ne a gidanmu, ta sha goranta min a gabanku. Na maimaita ne don ka san tsoron da kake ɗauke da shi ba naka ba ne, aro ne. Rabi nawa, rabi na kakarka, ita ma wa ya san wanda ya ba ta. Kada ka miƙa wa Ummi. Idan ta ƙi wanka ka nemi wata dabarar, amma kada ka ɗauki abin da yaro yake ƙauna ka mayar masa da shi dodo. Yana aiki, matsalar ke nan. Yana aiki fiye da yadda kake so.

Yanzu ga wurin da ka fi so. Da ka fara tsoronta sai na samu hujja: yaro ba ya barci, dole mage ta bar gida. Innarka ce ta sa ta a buhu, tana yi tana ƙunƙuni, domin ni ba zan iya ba. Na ɗaure buhun a bayan kekena, na tuƙa ina jin motsinta a gadon bayana, duk gashin jikina a tsaye. Na tsallaka titin Zariya, na kai ta bayan kasuwar Tarauni, wajen mahauta. A nan ka yi min adalci: na zaɓi inda ba za ta kwana da yunwa ba. Na kwance bakin buhun da dogon kara, na haye keke ban waiwaya ba. Don murna har na tsaya wurin mai tsire, na ci, na yi hira, na ba da shawara kan siyasar ƙasa. Na dawo gida ina fito. Ina shiga na tarar da ita zaune a tsakiyar tabarmata tana lasar hannu.

Innarka ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗe ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Mutuniyar taka ta riga ka. Ta ce a yi maka ya hanya."

A gidan nan ta tsufa, a gidan ta mutu, ni da ita muna gaisawa daga nesa.

To, dariya ta ƙare, saurara. Waccan babbar mage ce, ta ci kwararo ta ƙoshi kafin ta zo hannunmu, ta san mota ta san kare. Titin Zariya na wancan lokacin kuma, akuya ma kwanciya take a gefensa. Na yau fa? Kai ne kake yini a kansa, ba ni ba. Ka san tireloli, ka san gadar sama, ka san yadda ku 'yan adaidaita kuke kutsawa ko ta ina kamar ruwa. Ka san abin da kake gani manne da kwalta idan ka fito da safe, ka kauce masa da taya. Alewa ba ta san komai ba sai tsakar gidanmu da bayan Ummi. Lissafinka daidai ne rabi: idan ka bar ƙofa a buɗe za ta fita, za ta nufi Gyaɗi-Gyaɗi. Isa ne ba za ta yi ba.

Sannan ka tsaya ka kalli 'yarka a ƙofar sabon gida, da kwanon madara, tana "mus-mus" safe da yamma. Ku je Gyaɗi-Gyaɗi a duba, babu. Ka taya ta nema kana sane. Kuma wata rana za ta ji wanda ya bar ƙofar, domin a zuriyarmu ba a taɓa rufe magana ta rufu ba, ga innarka ga kawunka. Malama Rifkatu za ta iya ba ta wata magen. Amma ranar da Ummi ta gane "to" ɗin ubanta yana da wata ƙofa ta baya, ban san wanda zai gyara maka wannan ba. Ni na yi nesa da ku shekara da shekaru, abin da ya rage min a wurinku shi ne idan na ce zan yi, kun san zan yi. Kada ka taɓa wannan jarin saboda 'yar mage da ba ta kai tafin hannunka ba.

Za ka ce Baba na da bakin magana, shi da ya hau turmi. To bari ka ji abin da ba a ba ku labari ba, domin a nan ya faru, babu mai gani balle ya kai gida.

Na zo garin nan da niyyar in ɗan taɓa aiki in koma, ga shi gemu ya yi fari a ƙofar siton wani. An yi sunan Ummi ba na nan. Ɗakin da na gina a gida, baƙi sun fi ni kwana a cikinsa. Mutanen da na buɗe wa ƙofa tun suna samari har yau "Aboki" suke ce min, ba wanda ya taɓa tambayar sunana. Ba na cewa mugaye ne. Mai gidan da nake wa aiki bai taɓa zagina ba, matar da ke sayar da abinci a bakin titi kuma ta sha ƙara min miya ba tare da na roƙa ba. Amma mutum ya yini bai yi magana da harshensa ba, wani irin ciwo ne da ba a sayar da maganinsa a kemis.

Siton shinkafa da fulawa ne, ɓerayensa kamar zomaye. Wata damina sai ga wata ramammiyar mage ta fake a ƙarƙashin bencina, jiƙe sharkaf. Na ɗauko sandar gadi na kore ta. Ta matsa daidai inda sandar ta ƙare ta zauna. Na ƙara matsawa, ta ƙara matsawa daidai tsawon sanda. Haka muka yi ta yi, ni da ita, kamar masu ciniki.

Sai zazzaɓi ya kayar da ni. Ina kwance a ɗakin gadi da rana tsaka, ana sheƙa ruwa, haƙorana na haɗuwa, babu mai ce min sannu. Barci ya ɗan ɗauke ni. Na farka na ji nauyi a kan ƙafafuna. Na leƙa, ita ce, ta naɗe a kan bargona. Nura, na so in tashi, jiki ya ce bai san zancen ba. Babu turmi, babu ƙarfin hawansa. Na kwanta ina karanto duk abin da na haddace tun daga makarantar allo. Ita kuwa sai wannan ƙugin nasu take yi a hankali, wanda innarka ke cewa wuridi suke ja. Ƙafafuna da suka yini kamar ƙanƙara suka fara ɗumi. Can sai na lura na daɗe da daina karatun, ina kwance ne kawai ina saurarenta. A duk faɗin garin nan, ita kaɗai ta zo dubiya.

Kada ka zaci na warke na rungume ta. A'a. Da na samu sauƙi sai na fara ajiye mata ƙashin kifi can nesa. Bayan kwanaki na matso da kwanon. Na fara shafa bayanta da bakin sanda, ta lumshe ido. Ranar da na taɓa ta da bayan yatsa, gumi ne ya jiƙa min riga, na kuma yi ta dariya kamar wanda ya ci jarrabawa. Na sa mata suna Baƙuwa, ko da yake idan za a bi gaskiya ita ce 'yar gari, ni ne baƙon. Yanzu da Hausar Kano nake mata magana yini guda, ta san labarin kowa a gidanmu. Wannan tabon da ka gani a gefen takarda, ka gaya wa innarka ba hawaye ba ne, kada ta fara. Baƙuwa ce ta taka manja ta bi ta kai.

Saboda haka ba na ce ka tashi gobe ka zama jarumi ba. Kada ka yarda kowa ya jefa maka ita a cinya wai don ka saba, wannan ƙara tsoro yake. Ka dai zauna a tsakar gida lokacin da take cin abinci. Kada ka zura mata ido, kada ka bi ta. Ita za ta zo, ta shinshina ƙafarka, ka daure kada ka janye. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Za a yi maka dariya, ka bari a yi, ba ta kisa, ni shaida ne. Kuma tsoron ba ya tafiya duka. Har yau idan Baƙuwa ta diro daga kan buhuna ba zato sai na yi salati. Bambancin kawai, yanzu ina gama salatin nake tambayarta ko ta ci abinci.

Ga yadda ake tashi da mage, na koya lokacin da aka mayar da sitonmu wata unguwa. Wata Bafulatana mai sayar da man shanu a unguwar Hausawa ce ta gaya min, da ta ji ina kukan kada Baƙuwa ta koma tsohon wuri. A sa ta a kwali mai huji, ba buhu ba, tare da tsumman da ta saba kwanciya a kai. Idan an isa, a rufe ta a ɗaki ɗaya, da ruwanta da abincinta da tsohuwar tasa cike da yashi don bayan gida. Sannan a lakaci man shanu a shafa mata a tafin ƙafafun gaba. Wai idan ta zauna tana lashewa, hankalinta zai bar hanya ya dawo kan inda take zaune, kafin ta gama ta ɗauki wurin gida. Kada a buɗe mata sai an ga tana ci, tana barci a miƙe, tana wanke fuska ba tare da zabura ba. Ban sani ba ko man ne ke aiki ko rufe ƙofar. Ni dai na haɗa duka biyun, ga Baƙuwa nan kwance kan takalmina.

Abu ɗaya nake roƙo: man nan, kai za ka shafa. Da yatsanka.

Ba ni na kawo wannan shawarar ba ma. Shekaranjiya innarka ta haɗa ni da Ummi a waya. Ka san yadda muke da ita, tunda sunan uwata gare ta. Ta ce, "Ɗana, ka ci abinci?" Na ce na ci, Ummi. Sai ta rage murya.

"Ɗana, Abba tsoron Alewa yake ji, ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. In ta shigo ɗaki sai ya ce zai tafi masallaci. Ko ba a kira salla ba."

Na danne dariya da ƙyar. Na ce mata e, yana ji, ni ma da ina ji. Ta ce, "Kai ma? Ƙato da kai?" Na ce ƙato da ni. Na ba ta labarin kwali da man shanu, ta sa na maimaita har ta riƙe. Sai ta ce, "To ni zan riƙe kan, in rufe mata ido, shi ya shafa. Ƙafar ba ta cizo ai." Kafin ta miƙa wayar ta ƙara da cewa, "Kar ka gaya masa na sani. Zai ji kunya."

Ga shi na karya alƙawarin uwata, Allah ya yafe min, amma gara ka sani. Yarinyar da kake shirin yi wa dabara, ita tana can tana shirin rufa maka asiri. Na daɗe ina juya abin a raina a bakin ƙofar nan. Mai sunan ce ta sa min tsoron, ni na sa maka, ga shi takwararta ta zo cirewa. Allah mai iko.

Har na kai nan na ajiye biro, ina jiran direban da zai taho Kano da takardar ya gama lodi, sai ga wayar innarka, tana dariya har ba na jin abin da take faɗa. Wai an gan ka a kasuwar Tarauni tsugune gaban ƙwaryar wata Bafulatana kana cinikin man shanu. Kai da tun kana yaro ko a tuwo aka sa sai ka ture kwanon! Wai har kana tambayarta ko na shafawa daban ne da na ci. Ashe uwata ba ta jira takardata ba, ta riga ta gama da kai.

To ka ga ni. Na ɓata biro, na cinye takardun mutane, na tona wa kaina asirin zazzaɓi a banza. Na so in yaga, sai na ce a'a, wahalata ba za ta tafi haka nan ba, sai ka karanta. Kuma saye daban, shafawa daban. Ranar tashi, idan ka tsuguna a sabon ɗakin nan, Ummi ta riƙe kan, ka lakato man, ka tuna wani tsoho a Fatakwal da ya fara da bakin sanda. Kai da yatsa za ka fara, ka riga ka fi ubanka. Idan ka gama ka ja ƙofar ka rufe da kyau, ka duba taga.

Ina sa ran zuwa da babbar salla idan na samu wanda zan bar wa amanar Baƙuwa, domin abokin aikina ba na yarda da shi, shi ma tsoronta yake ji, wai shi atishawa take sa shi. Idan na zo Tarauni na yi sallama, mutum biyu nake so su fara fitowa tarona: uwata, da Alewa a bayanta. A tanadar min tabarma a tsakar gida. Turmi kuwa a kawar da shi, ba mai bukata.

Allah ya sa ku tare lafiya, ya sanya albarka a ɗakin da abin da ke cikinsa, mai ƙafa biyu da mai huɗu. Ya tsare ka a kan titi, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da gaggawar direbobi. Ya raya Ummi, ya ba Sadiya haƙurin zama da mu. Ka gaishe da innarka, ka ce ta rage dariya. Ka yi wa Malama Rifkatu godiya a madadina. Kawunka kuma idan ya tambaya, ka ce masa rufi lafiya lau.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.